Wardin Bakin Ƙofa

"Lahiya lau, uwargida. Wagga tsawa duk gaisuwa ce?"

"Na ɗauka kunnen ma ya bi idon," in ji Naja'atu, ta kama hannun kakanta Malam Auta ta tsallakar da shi kwata.

A bakin kasuwar Cadawa suke, gaban wani mai rainon itatuwa da ya zo daga Maraɗi da dashen furen wardi a baƙaƙen ledoji. Irin mai aure ne, wanda kowane reshe ke fitar da fure guda, ƙato. Tsohon ne ya kafe sai an saya masa ɗaya yau, alhali gobe za a kai shi Maraɗi a cire masa yanar ido. Naja'atu ta yi kwanaki tana fargabar aikin nan, don ta san wani maƙwabcinsu da aka yi wa aikin ya dawo ana jansa da sanda. Amma jika ba ta cewa kakanta tana tsoro, sai dai ta tsokane shi.

Mai dashen ya nuna musu ja mai sheƙi, wanda ko hanci ka tura cikinsa ba ka jin komai, da wani fari-fari maras fasali, sai ƙamshi kamar an fasa kwalbar turare. Ya ce kowanne yana son ranar safe da inuwar yamma, kuma a tsare shi daga awaki.

Tsoho ya ce ai akuyar gidansu guda ce, ga ta riƙe da hannunsa.

"Ja za mu ɗauka," ta ce. "Mijin da haƙoransa ba su cika tahin jariri ba, mi ya sani ga hure?"

"Ni da 'yan matan Agiye ke faɗa a kaina? Ke dai kin samu sa'a na yi maneji da ke. Ba ni mai ƙamshin."

"Wancan? Kamar tsohon rawaninka."

"Rawanin da kika yi wa hitsari kina jinjira? Shi ya sa nike neman ƙamshi."

Mai dashen ya yi dariya har da riƙe ciki. Ita kuwa dariyar ba ta kai mata zuci ba. Ta gane sarai abin da ya sa yake son mai ƙamshin: fure yake zaɓa wa makaho. Sai ta ji in ta yarda, kamar ta sa hannu ne a kan makantarsa. Ta dinga zuba: ja ya fi jure zafi, ja ya fi daɗewa a reshe, ko bature ja yake ba matarsa. Tsoho ya tambaya wane bature ya taɓa kallonta har ta san haka.

Ta cusa masa jan a hannu, ta ce ya duba da kyau. Ya kawo shi daf da fuska, ya juya, ya sake juyawa. Mutumin da ya taɓa danne bijimi shi kaɗai, yau fure yake laluba da yatsa, ya kasa ajiye shi. Nan ta san ba ita kaɗai ke kwana da tsoron ba.

"In Allah ya maido idon, wanga jan ba ya tserewa," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "In ko bai maido ba, mi zan yi da shi, Naja?"

Bai taɓa kiranta da sunanta ba sai yau. Ta karɓe jan ta mayar, ta ɗauko fari-farin.

"Riƙe mummunanka. Dama kun dace."

Ya shaƙa, ya yi 'yar dariya, ya damƙe wuyan hannunta da ƙarfi.

"Na ci nasara, uwargida. Ki dasa min shi bakin ƙohwar ɗakina, inda ko da lalube ina iske shi."