Rasuwar Laftof Ɗina a Hannun Maharazu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, alhali Maharazu na tsaye bakin shago yana rantsuwa cewa ba shi ba ne, kwananta ne ya ƙare, ni kuwa ina ce mashi ya tafi kafin in ɗauki taɓarya, ni Abdulgafar mai hoto na Mairuwa nake sanar da rasuwar laftof ɗina, kwamfutar aikina. Ta rasu ranar Talata bayan azahar. Ta tafi da hotunan bikin Najiba, ɗiyar Alhaji Badamasi na Ruwan Godiya, kaf ɗinsu, ba a wanke ko ɗaya ba.

Marigayiya ta zo mani tsohuwa, shekara huɗu da suka wuce. Maɓallanta biyu sun fita, batirinta ba ya kai tsawon sallar la'asar. Amma ba ta taɓa cin amana ba. Idan aka kunna ta sai ta ce fuuu, kamar mai hura wuta, ta kama aiki. Ta gyara fuskokin amare da yawa waɗanda iyayensu ma sun haƙura.

Ciwon ya fara ne da sabuwar firinta da na sayo a Ƙanƙara don wanga biki. Firinta ba ta aiki sai an sa wa kwamfuta direbanta, wato 'yar manhajar da ke haɗa su magana. Ban da shi. Sai ga Maharazu, ɗan baffana, mai cajin waya da tura waƙoƙi, da filash, ɗan abin adana waƙoƙi da manhaja, rataye a wuya kamar laya.

"Direban kowa da kowa ne wannan, ƙanena," in ji shi. "Har injin niƙa zai tayar."

Ya sa. Fuskar marigayiya ta yi shuɗi, ta suma. Ta farfaɗo, na jona firinta, ta sake suma. Sau tara a wuni ɗaya. In na cire firinta ta ɗan samu sauƙi, in na mayar ta faɗi. Ko akuya ta ga haka ta san inda cutar take.

Na hau mashin zuwa Ƙanƙara in ɗauko Malam Adnan mai gyara. Na ce wa Maharazu ya tsare shago, kar ya taɓa komai. Maharazu kuwa magani ɗaya ya sani a duniya, wanda yake yi wa wayoyin ƙauye: a goge komai a fara daga farko. Ya goge ta tas. Sannan ya sake sa mata direban nan dai da ya kayar da ita. Da ta yi shuɗi, ya kai mata mari biyu kamar rediyon kakarshi. Maƙwabta sun ji kalmominta na ƙarshe: ƙas, ƙas, ƙas.

Da muka iso, Malam Adnan ya kara kunne, ya rufe ta.

"Da ba a taɓa ta ba, aikin minti biyar ne fa," ya ce. "A tashe ta ba firinta, a cire direban, a sauko da nata na gaskiya. Wane jahili ne ya yi wannan?"

"Taimako na yi," in ji Maharazu.

Memorin kamara kuwa, inda asalin hotunan suke, ni na share shi da hannuna ranar Lahadi, don wani suna a Tafoki. Wannan ba za a tattauna shi wajen zaman makoki ba.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin roba, da jaka, da firintar da ba ta taɓa fitar da ko takarda ɗaya ba. Ta bar Maharazu cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya san hikimarSa.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da hantsi, bayan shago, kusa da juji. Ba a buƙatar kuka, ba a buƙatar shawara. Mai filash kada ya zo. Ranar Juma'a kuma Hajiya Nana, gwaggon amarya, za ta iso da mata cike da mota ɗaukar albam, ta riga ta aiko cewa a sa hotonta a shafin farko. Cikin ku masu ta'aziyya, wa zai tare ta a bakin hanya ya ce mata a sake bikin?