Ranar da Manaja Na-Shirya Ya Suma

Kai, otal ɗin da ya samu manaja irin Na-Shirya ai ya gama dacewa! Mutum ne da gobara kanta take jin nauyinsa. Ga usur a wuya, ga hular kwano a kan tebur tana jiran ranarta. Ma'aikata ne suka laƙaba masa sunan, don ko kwana ka tambaye shi, amsar ke nan: "Na shirya." Ladabi kuwa ya dasa shi har ya kama: ba mai tura ƙofar ɗakin da yake ciki sai ya ji "shigo" daga bakinsa. Wata mai shara ta taɓa mantawa, yanzu tana gida tana hutawa.

Rannan Hajiya mai otal ta ce za ta buɗe sabon reshe, in atisayen gobara ya yi kyau a gabanta, shi za ta damƙa wa. Na-Shirya ya tara ma'aikata, ya gyara murya.

"Atisaye sai da wanda za a ceto. Ba kuwa za a ɓata gadon ɗaukar majinyata a kan ƙaramin mutum ba. Ni da kaina zan suma, a ɗakin manyan baƙi na sama. Suma ta ƙwararru, ba motsi, ba magana!"

Ƙararrawa ta kaɗa. Baƙi suka sauka cikin tsari, aka kashe gas, aka taru a fili. Gogan naka yana can miƙe a kan kafet, ya gyara kwat, ya lumshe ido, har yana jiyo tafin da za a yi masa. Sai ga takun kuku da maigadi ɗauke da gado. Suka tsaya, suka ƙwanƙwasa.

"Salamu alaikum. Ranka ya daɗe, mu shigo?"

Tirƙashi! Sumamme dai ba ya amsa sallama.

"Tura mana, ai a buɗe take," in ji maigadi.

"Ni? 'Ya'ya gare ni. Kai tura."

Kuku ya kanga baki a jikin ƙofa. "Yallaɓai, in ka suma, ko tari ka yi mana."

Tarin ya zo har maƙogwaro, Na-Shirya ya haɗiye abinsa. Shi da ya yi alkawarin suma ta ƙwararru? Gumi ya jiƙa kwat, bayansa ya ƙage, haushi kamar ya kashe shi. Su kuwa bayin Allah sai sallama suke ta sabuntawa.

Can sai ya jiyo muryar Hajiya, ta gaji da jira ta hawo tana haki. Nan fa ƙwarewa ta ƙare, Na-Shirya ya daka tsawa daga kwance.

"Ku shigo mana, sakarkaru!"

Hajiya ta tura ƙofar da yatsa ɗaya, ta dube shi a ƙasa, ta dubi agogonta.

"A'a, Manaja, yi kwanciyarka, ai tun ɗazu ka ƙone. Allah ya jiƙanka. Reshen kuma sai mu nemi mai rai."