Rasuwar Baƙar Kwat ɗin Ozod Mai Goge

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, iyalan Ozod Tursunov, mai goge a sahun baya na ƙungiyar makaɗa, ke sanar da rasuwar baƙar kwat ɗinsa mai doguwar wutsiya. An ɗauko gawar daga Samarkand zuwa Tashkent a jirgin ƙasa, naɗe cikin jarida. Abin da aka samu a aljihunta: ƙaron shafa wa bakan goge, guntun fensir, tsirkiya guda, busasshen inabi.

An haifi marigayiya a Mosko, inda Ozod ya yi karatu, kuma tare suka dawo gida. Ba ta taɓa zama a sahun gaba ba, ba ta kuma taɓa yin ƙorafi ba. Kafaɗarta ta hagu ta yi sheƙi saboda zaman goge, hammatarta ta dama ta sha faci saboda jan bakan gogen. Ba ta da surutu. In ja ya yi tsawo ne kawai takan ce "ƙiiit."

Ta daɗe tana jinya, domin tumbin mai ita ya yi ta gaba, ita kuwa tana nan yadda aka ɗinka ta. Ajali ya riske ta a bakin aiki. Madugun makaɗa ya tsayar da kowa, ɗaki ya yi tsit, Ozod ya ɗaga baka, sai aka ji "fyaaat!" Dilbar, mai juya musu takardar kiɗa, ta raɗa masa, "Yaya Ozod, wannan sautin ba ya cikin takarda."

Ta rasu ta bar wando, farar riga da takalma masu fama da nasu ciwon. Ta kuma bar wani tsohon alkawari: Ozod ya taɓa rantse wa matarsa Zulhumor cewa ranar da kwat ta mutu zai ajiye goge su koma ƙauye. Da Zulhumor ta ga gawar sai ta ce, "Allah ya jiƙanta. Baban Nodira, na fara ɗaure kaya."

Za a yi jana'iza gobe da safe a cikin kabad, a raba shinkafa ga masu ta'aziyya. Sai dai ba za a binne ta duka ba. Ozod ya sa almakashi ya yanke kafaɗar hagu, tela zai dasa ta a jikin wata sabuwa. Ya rataye sauran tun yau, ya rufe ƙofar kabad.

"Ba ta gama mutuwa ba," ya ce wa Zulhumor. "Kwance kayan nan. Ranar Asabar ina da wasa."