Gawar da Ba Ta Iya Shiru Ba

Wallahi wannan ko rantsuwa na yi muku ba za ku yarda ba. Wani ne, mai gyaran fanka, aka ɗauke shi a wani ɗan gajeren fim na minti goma sha biyu. 'Yan wasa bakwai ne. Labarin wani tsoho ne da ya mutu, 'ya'yansa shida suka zagaye gawarsa suna rigimar wa za a bar wa gida. Mutuminku aka ba tsohon.

Kafin ya iso gida ya gama shelanta wa unguwa cewa shi ne jarumi. Ya ce wa matarsa daga farko har ƙarshe kyamara a kansa take, sauran shidan rakiya suka zo. Washegari ya sace mata filo uku, masu jan furen da ta ɗinka da hannunta, don gadon wurin ɗaukar fim ɗin katako ne zalla. Da ta nema, ya ce ɓarayin shanya ne.

Aikinsa ɗaya ne tak: ya kwanta, a lulluɓe shi da zanin gado, ya yi shiru.

Aka kunna kyamara. Babban ɗa ya ce Baba ya mutu bai taɓa saya masa ko takalmi ba. Sai gawa ta yaye lulluɓi.

"Ƙarya kake, marar kunya. Na ƙafarka fa?"

Darakta ya dafe kai, ya ce masa haka aka rubuta, ba da shi ake ba. Mutuminku ya ce ya gane sarai. Aka sake. Auta ta fara kuka, gawa ta miƙo hannu tana bubbuga mata kafaɗa. Aka sake. A karo na tara gawa ta ce ita dai a ganinta a bar wa 'yarta ta tsakiya gidan, ta fi su hankali. Darakta ya ce masa ya je waje ya sha iska. Kafin ya dawo an jera filo ukun nan nasa an lulluɓe, an gama fim.

Bai faɗa wa kowa ba. Ranar da za a haska, ya kwaso matarsa da surukarsa suka zauna a layin gaba.

Minti goma sha ɗaya gawa ko motsi. Surukar ta ce shekara tara da auren nan ba ta taɓa ganin ya rufe baki haka ba, lallai yaron nan da baiwa. Ya gyara zama, ya ce ɗauke numfashin kaɗai sai da ya yi sati yana koyo.

Sai ga auta ta faɗa kan gawa da kuka, ta ja zanin. Gefen filo ya leƙo, da jan furensa ɓaro-ɓaro a allo.

Matar ta juyo a hankali.

"Maigida, wancan ba filona ba ne da ɓarayi suka ɗauke?"

Ya kalli allo, ya kalli surukarsa.

"To wa kike zaton ya koya masa kwanciyar?"