Don Allah Kada a Gyara Mana Bututu

Jama'a, yau da safe na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba: na durƙusa gaban mai gyaran famfo ina roƙonsa kada ya yi gyara.

Ku tsaya in yi bayani kafin ku ce na zare. A benen da muke haya akwai bututun da ya tsage a saman matakala tun kafin gemuna ya tsiro. Mun kai kuka ofishin masu kula da ginin har mai gadi ya haddace muryoyinmu. Kullum amsar ɗaya ce: ana dubawa. Allah ya ƙara wa idanunsu lafiya, duba kam sun duba.

Da muka gaji da zamewa, Goggo ta hawan ƙasa ta cika tsohon bokiti da ƙasa, ta ajiye inda ruwan ke ɗiga, ta watsa irin alayyahu. Baba Tela ya biyo da tumatir a gwangwanin fenti. Kafin a ankara matakalarmu ta zama lambu, sai mutum ya karkace yake wucewa.

Ni kuwa wardi na shuka, a tukunyar da gindinta ya huje. Saboda Sista na shuka shi, nas ɗin da ke hawan sama, wadda in ta ce mini "sannu" sai harshena ya naɗe in amsa da "amin". Na karanta littattafan soyayya iya karantawa, duk sun nuna cewa mai fure a hannu ba ya buƙatar baki. Na yi ta lallaɓa shi, ina cire masa tsutsa da tsinken ashana, har yau ya buɗe, ja wur, shi kaɗai tilo. Sai ga mai gyaran famfo da sifana.

"Yayana, ka dubi girman Allah," na ce, "in ka ɗaure bututun nan ka kashe ni."

Goggo ta tare matakala da tsintsiya. "Ɗan nan, duk shekarun nan ina kuke? Sai da alayyahuna ya yi kyau?"

Mutumin ya kwashe da dariya. "Ku kwantar da hankali, Goggo. Sifanar nan ko bakinta ba ya buɗuwa. Cewa aka yi in riƙe a ɗauki hoto. Oga ne zai zo buɗe aiki."

Bai rufe baki ba motoci suka cika layi. Mai Girma Uban Gyare-gyare, Garkuwan Masu Haya, ya fito da rigar da ta fi matakalar faɗi. Aka kafa allo: Shirin Ban Ruwa na Zamani, Kashi na Farko. Ya yi jawabi mai ratsa jiki, ya ce ofishinsa ya daɗe yana tsara wannan ɗigon, ɗigo bayan ɗigo, domin talaka ya ci ganye. Ruwa na sauka a hularsa, wani na bin sa da laima.

"Kashi na biyu fa?" Baba Tela ya raɗa mini. "Rufin za su huda?"

Aka kawo almakashi a faranti. Nan ido ya raina fata, domin babu jan ƙyallen da za a yanka. Wai kwamitin ƙyalle bai zauna ba tukuna. Mai Girma na tsaye da almakashi a buɗe, masu hoto sun saita, dole a yanka wani abu ja. Ya dubi tumatirin Baba Tela, duk ɗanye ne shar. Ya juyo kan wardina.

Na buɗe baki in ce ranka ya daɗe, sai na ji ƙas!

Tafi ya ɓarke. Ni kuwa ji na yi kamar jijiyar wuyana aka datse. Daidai lokacin Sista ta sauko cikin fararen kayanta za ta aiki, tana neman hanya tsakanin bokitai. Mai Girma ya miƙa mata furen da hannu biyu, "a madadin ofishina".

Ta karɓa, ta shinshina, ta yi murmushi. Murmushin nan da na yi watanni ina yi wa ban ruwa, wani ya girbe shi a tsaye.

"Na gode, ranka ya daɗe," ta ce. Ta juyo gare ni. "Sannu, maƙwabci. Ka ga abin kirki? Maza irinsu sun yi ƙaranci."

"Amin," na ce.

Goggo ta dafa kafaɗata. "Share hawayenka, ɗan nan. Gobe ka shuka barkono, mu ga mai shinshinawa."

Duk da haka ba zan yi butulci ba. Tunda nake, yau ne na fara ganin abin da aka yi niyyar bai wa wani ya bi ta hannun manya, ya kuma isa ga mai shi ba a gutsuri ko ganye ɗaya ba. A rubuta musu wannan, amma don Allah kada a kira taron buɗewa.