Gaisuwar da Ta Sa Kunnena Fito

Tun da bam ya tashi kusa da shagona, kunnena ya yi nauyi. Da likitocin kunne suka zo Mubi, suka ɗura min wani abu kamar ƙullu don ɗaukar siffar kunnen, a yi robar na'urar ji daidai da shi. Likita ta ce kada in motsa baki sai ya daskare. Na ce ai ni ba yaro ba ne.

Sai ga surukina ya shigo. Na durƙusa. "Baba, ina kwana? Ya hanya? Ya mutanen Belel?" Har shanu na tambaya.

Robar ta zo a karkace, likitocin kuwa ba su dawo ba. Da na buɗe baki sai na'urar ta yi fito. Yanzu duk unguwarmu ta Yelwa "Rafali" suke kirana, wai alƙalin wasa mai usur. Wannan kam ina ji sarai.