Sawun Baƙin Gefen Kurmi

Gefen Kurmi mazaunin dabbobin da suka ƙoshi ne. A cikin babban kurmi suka yi ƙiba, hayaniyarsa ta ishe su, suka fito waje suka haƙa ramuka masu faɗi kewaye da wani tafki. Suna da majalisa a gindin tsamiya, wadda wani gwanki mai suna Jatau ke shugabanta, kuma abin alfaharinsu shi ne ba sa hukunci da jita-jita, sai da sawu. Kowace safiya Tunku, mai duba sawu, yakan zaga lakar bakin tafki, ya dawo ya faɗi irin waɗanda suka sha ruwa, da haka ake raba wa kowace ƙabila lokacin shanta. Ɗaga kai a dubi mai sawun ba ya cikin aikinsa.

Da rani ya yi tsanani sai baƙi suka iso daga arewa, inda gobara ta cinye dajinsu. Cikinsu akwai Gwamma, wata barewa, da ƴarta Ladiyo wadda ko yaye ta ba a yi ba. Yawancinsu iyaye mata ne da ƙanana da tsofaffi, bareyi da zomaye, don mazan da suka tsaya tare wuta ba su biyo baya ba. Tsoron maharba ya koya musu wata tafiya: layi ɗaya suke bi, ƙanana a gaba, mafi girma a baya yana taka sawun kowa yana shafewa. Mafi girman nan kuwa Baba Nomau ne, tsohon ɓauna mai ido ɗaya, wanda ko ɗanyar ciyawa sai ya daɗe yana mamula.

Tunku ya duba laka, ya zo gaban majalisa.

"Ranka ya daɗe, baƙin nan duk ɓaunaye ne, ƙarti, ba mace ba yaro. Ko'ina kofato ne ƙato."

Jatau ya miƙe ya gyara murya. "Ya ku ƴan majalisa, mu ba maƙiya baƙo ba ne, kakanninmu ma zuwa suka yi. Amma ƙato da ya baro iyali ya zo shi kaɗai, me ya zo nema? Domin tsaron matanmu, an dakatar da baƙi daga tafki."

Gwamma na tsaye a bayan taron, ido na ganinta, amma ba a rantsar da ido a majalisar Gefen Kurmi. Zuciyarta ta yi ƙuna. Nononta ya fara ƙafewa, Ladiyo kuwa raɓa kawai take lasa. Gwamma ta koma wurin Baba Nomau.

"Baba, gobe kowa ya taka nasa. Su gan mu yadda muke."

"Ƴar nan, ɓoye sawu shi ya kawo mu nan da rai."

"Shi kuma zai kashe mu a nan, Baba."

Daga ƙarshe tsohon ya ce to. Washegari baƙi suka bazu a kan laka, suna tafiya a tsorace kamar an tuɓe su. Ba su sha ba, tunda an hana, sun dai taka suka koma. Gwamma da kanta ta danna ƙafar Ladiyo a wuri mai taushi don ta fito sosai. Ranar ta ji sanyi a ranta, har ta yi wa ƴar wasa.

Tunku ya duba, ya dawo gaban majalisa da gudu.

"Ranka ya daɗe, ƙananan sawu ne ba iyaka! Mata ne da ƴaƴa, laka ba masaka tsinke."

Wata beguwa, uwar ramukan gabas, ta karkaɗa ƙayoyinta. "Ƙato dai yakan tsufa ya mutu. Waɗannan girma za su yi su haihu. Nan da ƴan damuna, wa zai zauna a gindin tsamiyar nan?"

Gwamma ta kutsa gaba ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, ba tsamiya muke so ba. Ruwa ne. Ga ƴata can, ko tsayuwa ba ta iya yi."

"Baiwar Allah, mun tausaya," in ji Jatau, kuma har idonsa ya kawo ƙwalla, don shi mai taushin zuciya ne a bainar jama'a. "Sai dai yanzu rahoto biyu ne a gabanmu, suna karo da juna. Zalunci ne mu ba ku lokacin sha alhali ba mu san ko ku su wane ne ba. An kafa kwamiti. Zai sake dubawa idan damina ta kawo sabuwar laka."

Aka yaba da adalcinsa, aka tashi, kowa ya gangara tafki don lokacin shan ƴan majalisa ya yi.

Gwamma ta tarar da Ladiyo kwance a ƙarƙashin ƙaya, harshe waje.

"Inna, sun ga ƙafata?"

"Sun gani."

"To, mu je mu sha?"

Gwamma ta dubi sama, babu ko ɗigon gajimare. Ta kwanta ta yi wa ƴar inuwa da jikinta.

"Rufe ido tukuna," ta ce. "Idan lokacinmu ya yi zan tashe ki."